Gem ɗin harbi ne ke lalata yara, ko rashin abin hannu?

Dalibi_Nura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman a taya ni duba wata magana kafin in miƙa ta ga malami. A wani kwas da muke yi ana koya mana yadda ake auna hujja kafin a karɓe ta, sai aka ce kowa ya ɗauko wata magana da jama'a suka yarda da ita haka kawai, ya gwada ƙarfinta. Ni na ɗauki wadda ake cewa wasannin bidiyo na harbi da faɗa su ke sa yara su tashi da mugunta.

Ban yarda ba. A Amurka, daga farkon shekarun 1990 aikata manyan laifuka raguwa ya riƙa yi, alhali a daidai lokacin ne waɗannan wasanni suka bazu ko'ina. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka fi buga gem a duniya, amma kisan kai a can kaɗan ne ƙwarai. A ganina abin da ke jefa matashi cikin ta'asa shi ne talauci da rashin makoma, ba abin da yake gani a allo ba. Kuma ina ganin duk wanda ya iya tunani da kyau ba zai dawwama cikin talauci ba, domin dukiya tana bin mai kaifin ƙwaƙwalwa ne. Wanda yake da ja, bisimilla.

Ummu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai kana maganar Japan, ni ina maganar falona. Ɗana yaro ne mai sanyin hali, amma in ya zauna kan wannan wasan na harbe-harbe, ka kira sunansa sau nawa ba ya ji. Idonsa ya yi ja, wuyansa ya sanƙare, yatsunsa kawai ke motsi. Ranar da na kashe masa ana tsakiyar wasa, jifa ya yi da abin bugawar har murfin batir ya fita ya shige ƙarƙashin kujera, ƙanwarsa da ta yi dariya kuwa ta sha rankwashi. Kada ka ce min ba komai.

Sarkin_Pad:
Hajiya, Allah ya shirya mana shi, amma wallahi wannan fushin ba na jini ba ne. Ki gwada kashe wa mai buga gem ɗin ƙwallo ana minti na tamanin da tara yana cin ɗaya da nema, ki ga abin da zai faru. Babu bindiga a ciki, amma abin bugawar zai tashi sama haka nan. Ni na fi zagi a wasan ƙwallo da tseren mota fiye da na harbi. Haushin a katse ka ne ko a cinye ka.

Ummu_Hanif:
To ko ma mene ne, ƙanwarsa ce dai ta sha rankwashin.

Malam_Kididdiga:
Nura, ka yi ƙoƙari, amma hujjarka ta farko tana da irin ciwon da kake zargin wasu da shi. Masu cewa gem na kawo ta'asa suna cewa: yaro ya buga, yaro ya yi faɗa, saboda haka bugun ne ya jawo faɗan. Kai kuma ka ce: an sayar da gem da yawa, laifi ya ragu, saboda haka gem ba ya da illa. Dukkanku abu biyu kuka gani suna tafiya tare. Zakara na cara gari ya waye, amma ba caran ne ya wayar da garin ba.

Raguwar laifi a Amurka har yau masana na jayayya kan dalilanta: tattalin arziki, yawan 'yan sanda, yawan ɗaure mutane, sauyin kasuwar miyagun ƙwayoyi, har da cire dalma daga man fetur. Zai yiwu gem yana da 'yar illa kaɗan, amma waɗancan manyan abubuwa suka danne ta ba a gani ba. Japan kuma dokar mallakar bindiga a can ta fi ta Amurka tsanani nesa ba kusa ba. Abin da alƙalumanka za su iya tabbatarwa shi ne: gem ba shi ne babban abin da ke juya yawan kisa a ƙasa ba. Iyakarsa ke nan. In ka rubuta fiye da haka, malaminka zai ja maka jan biro.

Dalibi_Nura:
Malam na gode. Amma ai nauyin kawo hujja yana kan wanda ya yi zargi ne. Su suka ce yana kawo kisa, su kawo shaida. Ni ba sai na tabbatar da cewa ba ya yi ba.

Malam_Kididdiga:
Haka ne, da a ce tsayawa ka yi kan "ba su kawo shaida ba". Amma ka ƙara da cewa talauci ne sanadi, kuma mai tunani ba ya talauci. Waɗannan naka zarge-zargen ne, nauyinsu yana wuyanka.

Tsohon_Dan_Jarida:
Bari in ba ku ɗan tarihi, domin rigimar nan ta girmi Nura. A 1992 aka fito da wasan Mortal Kombat, wanda a cikinsa ake fizge kan abokin faɗa har da ƙashin baya. Hankalin iyaye ya tashi, a ƙarshen 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kai, sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka jagoranta. Kamfanoni suka ga in ba su yi wa kansu linzami ba gwamnati za ta yi musu, sai suka kafa hukumar ESRB a 1994, mai sa alamar shekaru a jikin kowane wasa. Turai ta yi nata, PEGI, a 2003.

Sai 1999, wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar Columbine da ke jihar Colorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. Da aka gano suna buga Doom, jaridu suka yi caa a kan wasan. Daga baya jihar Kalifoniya ta yi dokar hana sayar wa ƙananan yara wasannin tashin hankali, amma a 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu. Mai shari'a Scalia ya rubuta cewa binciken da jihar ta kawo bai nuna wasan ne ke haddasa mugunta ba, kuma tatsuniyoyin da ake karanta wa yara ma cike suke da kisa.

Kafin gem, talabijin aka zarga. Kafin talabijin, littattafan barkwanci masu zane, a shekarun 1950. Kowane zamani da abin da iyaye ke tsoro.

Ummu_Hanif:
Baba, kotun nan hukuncin 'yancin faɗar albarkacin baki ta yanke a ƙasarsu. Ba ta ce ni in bar ɗan shekara goma sha ɗaya yana fille kawuna a falona ba. Kuma su kansu masu yin wasan ai sun rubuta 18 a jiki. Me ya sa suka rubuta in babu komai?

Zee_Halayya:
Ni abin da nake karanta ke nan a jami'a, ilimin halayyar ɗan Adam, bari in sa baki. Matsalar ita ce ana haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai zafin rai na ɗan lokaci, irin tsawa, ture mutum, baƙar magana. Akwai kuma ta'asa ta gaske, a ɗauki makami a ji wa wani rauni. Ƙungiyar masana halayya ta Amurka, APA, a 2015 ta ce akwai alaƙa tsakanin wasannin nan da na farkon. A 2020 ta sake fitar da matsaya tana cewa babu isasshiyar shaidar da za a ce suna haddasa na biyun. To kun ga Ummu_Hanif da Nura za su iya zama da gaskiya a lokaci guda.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake auna "mugunta" a ɗakin gwaji. Ba za a ba mutum wuƙa a ce je ka soki wani ba. Sai a sa shi ya buga wasa na ɗan lokaci, sannan a ce ya zaɓi ƙarfin ƙarar da za a sakar wa abokin karawarsa a kunne, ko ya ɗiba wa wani miyar barkono mai zafi, bayan an gaya masa mutumin ba ya son yaji. In ya ɗiba da yawa, a rubuta cewa muguntarsa ta ƙaru. Masu bincike Craig Anderson da Brad Bushman suna ganin irin waɗannan sakamako in an tara su suna nuna illa ta gaske. Wani mai binciken, Christopher Ferguson, yana ganin illar ƙarama ce ƙwarai, kuma ma'aunin kansa abin tuhuma ne. Sun daɗe suna fafatawa.

A 2019 Andrew Przybylski na jami'ar Oxford da Netta Weinstein sun bi matasa kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya. Ba su tsaya kan abin da yaran suka faɗa ba, iyayensu aka tambaya game da halinsu. Kuma sun rubuta yadda za su yi lissafin tun kafin su ga sakamako, don kada su karkata shi. Ba su sami alaƙa ba.

Sarkin_Pad:
Wato in na cika wa mutum yaji na zama ɗan ta'adda? To a kama yayata.

Abu_Sumayya:
Ni abin da ke damuna ba a auna shi da barkono. Ƙeƙashewar zuciya. Yaro ya saba ganin mutum ya faɗi jini na zuba, shi kuma ana ba shi maki ana masa kiɗa. Ba lallai ya kashe kowa ba, amma ranar da ya ga hatsari a hanya, waya zai ciro ya ɗauki hoto ko taimako zai kai? Sannan lokacin salla ya wuce, karatu ya wuce, barci ya wuce. Wannan ma asara ce ko da babu wanda aka mara.

Zee_Halayya:
Malam Abu_Sumayya, batun lokacin nan shi ya fi ƙarfin hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da saka jarabar gem cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi: sai mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya danne sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma yawanci a ɗauki kamar shekara ana haka. Ba ruwan wannan da ko wasan na harbi ne ko na gona. Masu ɗaukar hoton hatsari kuwa, da yawansu ba su taɓa riƙe abin buga gem ba.

Talaka_Bawan_Allah:
Ku dakata. Kowa ya bi gem, an bar maganar da ta fi ɓata min rai. Nura, kana nufin mu da ba mu da shi ba mu iya tunani ba ke nan? Kuma mu ne masu ta'asa? Yaran Columbine da Baba ya ambata, a unguwar masu rufin asiri suka tashi, ba yunwa ce ta kai su ba. Mahaifina bai taɓa tara abin kirki ba har ya rasu, amma in rigima ta gagari mutane shi ake kira, ya saurari kowa, ya gano inda ƙaryar take cikin 'yan tambayoyi. Wannan ba tunani ba ne? Kuma barnar da mai kuɗi ke yi da biro a ofis, wani lokaci ta fi ta ɗan daba ɗari.

Dalibi_Nura:
Yaya, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ban ce talaka mugu ba ne. Cewa na yi inda babu aiki, babu makaranta mai kyau, babu mai kula da yaro, a nan laifi ya fi yawa, kuma wannan a ko'ina ana ganinsa. Batun tunani kuma, dubi Bill Gates da Mark Zuckerberg. Barin jami'a suka yi, ƙwaƙwalwarsu ce ta kai su inda suke.

Malam_Kididdiga:
Wace jami'a suka bari? Harvard. Kafin ka bar Harvard sai ka shiga Harvard. Gates ɗan babban lauya ne a Seattle, kuma makarantar kuɗi da ya yi, Lakeside, ta samar wa ɗalibanta hanyar amfani da kwamfuta tun 1968, lokacin da yawancin malaman jami'a ma ba su taɓa zama gaban ta ba. Yana ɗan shekara 13 ya fara. Ba na musun basirarsa, amma akwai masu basira irin tasa da ba su sami wannan ƙofar ba, kuma ba za ka taɓa jin sunansu ba. Nan matsalar take.

A yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun duba jiragen da suka dawo daga fagen fama, suka ga inda harsashi ya fi huda su, aka yi tunanin a ƙara ƙarfe a wuraren. Wani masanin lissafi, Abraham Wald, ya nuna cewa waɗannan jiragen ai sun dawo duk da hujin. Waɗanda aka harba a inji su ne ba su dawo ba balle a ƙirga su. Kai ma waɗanda suka dawo kake ƙirgawa. Ina waɗanda suka bar makaranta da babban buri suka ƙare ba komai?

Sarkin_Pad:
Wannan ya taɓa ni. Duk ɗan gem ya san labarin Bugha, yaro ɗan shekara 16 da ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta wasan Fortnite a 2019. Da shi muke kare kanmu in an ce muna ɓata lokaci. Abin da ba ma faɗa shi ne mutum kusan miliyan 40 suka shiga zagayen share fage.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Tunda an zo kan kuɗi, ni a nan nake ganin ainihin harbin, kuma aljihu ake harbi. Wasan GTA V da ya fito a 2013 ya tara dala biliyan ɗaya cikin kwana uku. Wannan ma na saye ne sau ɗaya. Yanzu salon ya canza: a ba ka wasan kyauta, sannan a riƙa sayar maka da riga, da rawa, da akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Beljiyam a 2018 ta ce irin waɗannan akwatuna caca ce. A 2022 kamfanin Epic Games, masu Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu saye ta Amurka, kan tattara bayanan yara da kuma tsara maɓallai yadda mutum zai sayi abu ba da niyya ba.

Ɗan ƙanwata ya taɓa kwashe abin da ke cikin katin uwarsa a kan irin wannan. Da aka tsare shi, kuka ya fashe da shi, ya ce shi bai san kuɗin gaske ba ne, ya ɗauka duwatsun cikin wasa ne. Kuma gaskiyarsa, don da gangan ake mayar da kuɗin su zama lu'ulu'u da zinare na bogi, yadda ba za ka ji zafin fitarsu ba. Nura, in kana neman inda tunani da gem da dukiya suka haɗu, ga shi nan. Akwai masu digiri da aka ɗauka aiki musamman don su gano lokacin da yaro ya fi saurin danna "saya".

Dan_Gajere:
Ni dai a bi hanyar Sin kawai. Tun 2021 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya aka yarda su buga ta intanet, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Magana ta ƙare.

Sarkin_Pad:
Ta ƙare a takarda. Yaro zai shiga da sunan kakarsa.

Admin_Zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci. Na goge saƙo biyu da suka koma zagin iyaye. Mai son ya nuna gem ba ya sa zafin rai, kada ya zo nan yana zagi, yana rusa hujjarsa da kansa.

Talaka_Bawan_Allah:
Har yanzu Nura bai amsa min ba. In dukiya tana bin mai tunani, malamin da ke koya muku wannan kwas ɗin attajiri ne?

Zee_Halayya:
Hahaha, Yaya ka kashe shi. Amma bari in ɗan taimaki Nura, domin kuɗi ba banza ba ne. A 2010 wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Angus Deaton, sun ce a Amurka jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa da samu har zuwa wajen dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. A 2021 Matthew Killingsworth ya fito da nasa binciken ya ce bai tsaya ba, ci gaba yake yi. Maimakon su tsaya jifan juna a jarida, Kahneman da Killingsworth suka zauna tare suka sake duba alƙaluman, a 2023 suka fitar da sakamako: ga yawancin mutane jin daɗin yana ci gaba da ƙaruwa, amma ga waɗanda dama suke cikin ƙunci mai tsanani, akwai inda kuɗi ke daina magani. Kahneman yana da kyautar Nobel a lokacin, kuma ya haura shekara tamanin, bai ce wane ne wannan yaron ba.

Dalibi_Nura:
Yaya Talaka, malaminmu ba attajiri ba ne, amma ba shi ya zaɓi neman kuɗi ba, koyarwa ya zaɓa. Ni abin da nake nufi, mutum biyu da suka tashi a hali ɗaya, wanda ke tambaya kafin ya yarda zai fi wuyar damfara, ba zai zuba jarinsa inda aka ce za a ninka masa cikin wata ɗaya ba, ba zai sayi akwatin da Hajiya ta faɗa ba. A hankali zai wuce ɗayan. Wannan ma ƙarya ne?

Malam_Kididdiga:
Wannan ba ita ce maganar da ka fara da ita ba. Da ka ce dukiya tana bin mai tunani, yanzu ka koma mai tunani ya fi wuyar asara. Ta biyun ta fi sauƙin karewa, amma ita ma da sauranta: masu ilimi da yawa sun faɗa hannun Bernie Madoff, wani ɗan damfarar masu zuba jari a Amurka, kafin asirinsa ya tonu a 2008, cikinsu har da bankuna. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta a kai.

Ummu_Hanif:
Ni dai na karanta duka. Zee, na ji bambancin da kika yi, kuma ban taɓa cewa ɗana zai kashe wani ba, Allah ya kiyaye. Amma duk binciken nan a kan 'yan 14 da 15 ne da ɗaliban jami'a. Nawa sha ɗaya gare shi. Na mayar da na'urar falo inda nake ganin allon, na cire katina daga ciki bayan na karanta saƙon Hajiya, kuma yanzu ina gaya masa saura minti goma kafin in kashe, ba na kashewa kwatsam. Wannan na ƙarshen daga maganar Sarkin_Pad na ɗauka. Na harbin kuwa sai ya kai shekarun da aka rubuta a jiki.

Sarkin_Pad:
Hajiya, minti goma ba ya isa in ana tsakiyar zagaye. Ki ce masa "in wannan ya ƙare". Sai dai ki tsaya a kansa, don zai fara wani ya ce miki ai shi ne dai na ɗazu.

Abu_Sumayya:
Nura, ranar yaushe za ka miƙa aikin? Kuma wanne daga cikin maganganun uku za ka kai, tunda Malam ya raba maka su?

Dalibi_Nura:
Ranar Litinin. Na gem ɗin zan kai, shi na fi samun abin kafa hujja. Na dukiyar kuma ban janye ba, Yaya Talaka, zan buɗe masa zaure na daban in an gama jarrabawa.

Talaka_Bawan_Allah:
Ina jira. Ka zo da malamin naku.